Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hausawan Amurka masu ƙuri'a, kan bashin 'yan mazan jiya baƙaƙen fata

Zuwa ga iyayenmu limamai da shugabannin ƙungiyoyi, iyaye mata, yayye da ƙanne, Hausawa da masu jin Hausa daga Najeriya da Nijar da Gana, mazauna Bronx da Harlem da Greensboro da sauran garuruwan Amurka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, da iyali da sana'a. Dalilin wannan wasiƙa shi ne zaɓe yana ƙaratowa, kuma da yawanmu yanzu mun zama 'yan ƙasa, 'ya'yanmu da aka haifa a nan sun kai shekara 18, 'yan takara sun fara sanin hanyar masallatanmu. Kafin mu ba kowa ƙuri'a, akwai maganar da nake so mu yi a tsakaninmu, da harshenmu, domin ta shafi wani hali namu da ba na jin daɗinsa.

Babu wanda bai taɓa jin wannan zancen ba, a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ko wurin suna, ko inda direbobi ke jiran fasinja: "Ai baƙaƙen ƙasar nan malalata ne. Mu da muka zo da jaka ɗaya mun sayi gida, mun sa yara a jami'a. Su da aka haifa a nan me ya hana su?" Masu faɗar haka mutanen kirki ne, masu neman halaliyarsu. Amma tambaya suka yi, kuma tambayar tana da amsa. Amsar tana rubuce a cikin takardun gwamnatin Amurka, kuma babban ɓangarenta ya shafi sojoji.

A ranar 22 ga Yuni 1944 shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da aka fi sani da GI Bill. Dokar ta yi wa duk sojan da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu alkawura uku manya: gwamnati za ta biya masa kuɗin karatu ko koyon sana'a, za ta tsaya masa ya karɓi rancen sayen gida ko gona ko buɗe kasuwanci, kuma za ta riƙa ba shi dala 20 a mako har tsawon mako 52 idan bai samu aiki ba. Zuwa 1956 tsofaffin sojoji miliyan 7.8 sun yi karatu ko horo da wannan kuɗi. Miliyoyi sun mallaki gida ba tare da sun ajiye ko sisi na kafin alƙalami ba. Unguwannin nan masu ciyawa a ƙofar gida da muke wucewa a mota, da yawansu da wannan doka aka gina su.

Baƙaƙen fata sama da miliyan ɗaya sun sa kaki a wannan yaƙi. A rubuce, dokar ba ta ambaci launin kowa ba. To amma shugaban kwamitin tsofaffin sojoji a Majalisar Wakilai a lokacin shi ne John Rankin na Mississippi, mutumin da bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga baƙar fata ba. Shi ya tsaya kai da fata cewa aiwatar da dokar ya kasance a hannun jihohi da ƙananan ofisoshi da bankuna da jami'o'i. Ya san abin da yake yi. Gwamnatin tarayya ba ita ke ba da rancen ba, tsaya wa mutum kawai take yi. Dole sai banki ya yarda, bankin kuwa ba ya ba baƙi rance. Unguwannin baƙaƙe an zagaye su da jan layi a taswira, an ce kuɗi ba sa shiga can. Unguwannin farare kuma an rubuta a takardar gida cewa ba a sayar wa baƙi. Levittown da ke Long Island, gidaje sama da 17,000 da aka gina musamman don sojojin da suka dawo, ana sayar da gida ƙasa da dala 8,000, amma yarjejeniyar ta ce farar fata kaɗai zai zauna a ciki.

Ga abin da ya biyo baya. A 1947 an bincika garuruwa 13 na Mississippi, aka tarar da rance 3,229 da ma'aikatar tsofaffin sojoji ta tsaya wa mutane. Biyu ne kacal suka je hannun baƙaƙe. Kada wani ya ce ai Kudu ce. A New York da arewacin New Jersey, nan inda da yawanmu ke zaune, cikin rancen gidaje kusan 67,000, waɗanda ba farare ba ba su samu ko 100 ba. Wajen karatu, jami'o'in Kudu sun rufe ƙofa, kwalejojin baƙaƙe kuma ƙanana ne marasa kuɗi, suka cika maƙil har suka mayar da dubban sojoji gida saboda babu wurin zama. Wajen aiki, wanda ya koyi kanikanci ko haɗa rediyo a soja sai ofishin samar da aiki ya tura shi wanke-wanke ko dako. Idan ya ƙi, a yanke masa dala 20 ɗin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A ƙasar nan gida shi ne dukiyar talaka, kun fi ni sani. Shi ake jinginarwa a biya wa yaro jami'a, shi ake bari gado. Wanda kakansa ya sayi gida a 1950 ya gaji abin da darajarsa ta ninka sau da yawa. Wanda aka hana kakansa ya gaji haya. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar iyalin farare na tsaka-tsaki ta kai dala 285,000, ta iyalin baƙaƙe kuwa dala 44,900. GI Bill ba ita kaɗai ta haƙa wannan rami ba, akwai bauta da abin da ya biyo bayanta, amma ta zo daidai lokacin da ƙasar ke raba arziki mafi yawa a tarihinta, aka ware wasu aka ce su tsaya a waje. Wannan shi ne abin da ya hana su.

Ba kuɗi kaɗai aka hana su ba. Ina so 'yan'uwana na Bronx su saurari wannan da kyau. Saje Isaac Woodard ya yi aikin soja a yankin tekun Pasifik. Ranar 12 ga Fabrairu 1946 aka sallame shi a barikin Camp Gordon da ke Jojiya, ya hau motar Greyhound zai koma gida, da kakinsa a jiki. A hanya ya roƙi direba ya tsaya ya kewaya, suka yi cacar baki. Da suka isa Batesburg a South Carolina direban ya kira 'yan sanda. Shugaban 'yan sandan garin, Lynwood Shull, ya sauke shi ya lakaɗa masa duka, ya riƙa caka masa kulki a idanu. Da gari ya waye aka kai shi kotu, aka ci shi tarar dala 50 wai ya yi maye ya tayar da hankali. Bai sake ganin komai ba har ya bar duniya. Da aka gurfanar da Shull, masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu farare, ba su yi rabin awa ba suka wanke shi. Woodard kuwa ya shafe shekaru ba a ba shi cikakken haƙƙin nakasa ba, da hujjar cewa lokacin da aka makantar da shi an riga an sallame shi, da 'yan awoyi. A Bronx ya ƙarasa rayuwarsa, a can ya rasu a 1992. Titunan da muke bi zuwa aiki, ya bi su da sanda.

A wannan shekara dai ta 1946, Maceo Snipes, wani tsohon soja a gundumar Taylor ta Jojiya, ya je ya jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani ranar 17 ga Yuli. Kashegari wasu farare suka same shi a gida suka harbe shi, ya cika bayan 'yan kwanaki, kuma ba a hukunta kowa ba. Medgar Evers, wanda ya yi aikin soja a Faransa, ya je zaɓe a Decatur ta Mississippi a 1946 tare da wansa da abokansu, aka tare su da bindigogi. Bai haƙura ba, ya ci gaba da yi wa mutane rajista har aka harbe shi a ƙofar gidansa ranar 12 ga Yuni 1963. Irin waɗannan mutane ne, da suka ga duniya suka dawo suka ƙi sunkuyar da kai, suka shiga sahun gaba na gwagwarmayar da ta haifi dokar 'yancin zaɓe ta Agusta 1965. Wata biyu bayan haka, a Oktoba 1965, guguwar nan ta sa aka sauya dokar shige da fice, aka soke tsarin kason da ya fifita Turawa. Ta wannan ƙofa mafi yawanmu muka shigo. Mun tarar da ita a buɗe, shi ya sa muke zaton haka take tun asali.

Kuma in da akwai mutanen da ya kamata su gane wannan labari ba tare da dogon bayani ba, mu ne. Kakanninmu ne Ingila ta kwasa zuwa Boma a runduna ta 81 da ta 82, har Hausa ta zama harshen bariki. Sun dawo da lambobi a ƙirji da alkawuran da ba a cika ba. 'Yan'uwanmu na Gana sun san ranar 28 ga Fabrairu 1948, da tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Akara da takardar koke kan haƙƙinsu, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san Thiaroye da ke kusa da Dakar, inda Faransa ta buɗe wuta ranar 1 ga Disamba 1944 kan sojojin Afirka da suka nemi albashinsu, sun kuma san yadda ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka tun 1959, ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai bayan hukuncin kotun tsarin mulki a 2010, lokacin da galibinsu suna ƙarƙashin ƙasa. Yaƙi ɗaya aka yi, kuma sakayya iri ɗaya aka yi wa baƙin soja a Akara da Dakar da Mississippi. Ban ga yadda jikan ɗan Boma zai dubi jikan Woodard ya kira shi malalaci ba.

Wani zai ce wannan duk tarihi ne. Da ma haka ne. A Yuli 2023 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa ya duba buƙatun diyyar nakasa da tsofaffin sojoji suka shigar daga 2010 zuwa 2020. Farare an amince da kashi 75 cikin 100 na buƙatunsu, baƙaƙe kashi 61, su ne a ƙasan kowa. Conley Monk, sojan da ya yi yaƙin Vietnam, ya shafe shekaru gommai yana neman haƙƙin karatu da gida da nakasa ana juya masa baya, har ya kai ƙarar ma'aikatar tsofaffin sojoji kotu a Nuwamba 2022, alƙali kuma ya ƙi korar ƙarar a 2024. Baƙaƙe ba su wuce kashi 12 ko 13 cikin 100 na tsofaffin sojoji ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ke kwana a titi su ne. Mutumin nan da kuke gani a bakin tashar jirgin ƙasa da kwali a hannu an rubuta cewa shi tsohon soja ne, sau da yawa gaskiya yake faɗa. Kuma 'ya'yanmu suna shiga soja yanzu, wasu don karatu, wasu don takardar zama ɗan ƙasa. Ranar da ɗanka zai miƙa takardar neman diyya, fom ɗin ba zai tambaye shi ko Bahaushe ne ko Bazabarme ba. Baƙi ne kawai.

Yanzu ga siyasar. Babu ɗan takarar da ba ya son hoto da soja. Kowa yana sa tuta a wuyan riga yana cewa mun gode da hidimarku. Inda ake gane mutum shi ne ranar kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa. A sansanonin Amurka a Iraƙi da Afganistan an riƙa ƙona shara a manyan ramuka, robobi da batura da tayoyi da sharar asibiti, ana zuba musu man jirgi, sojoji suna kwana suna tashi cikin hayaƙin. Suka dawo da ciwon daji da ciwon huhu, aka ce kowa ya kawo hujjar cewa hayaƙin ne ya jawo, aka yi watsi da mafi yawan buƙatun. Dokar PACT ta zo ta ɗauke musu wannan nauyi. A Yuni 2022 Majalisar Dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 84 da 14. Da ta dawo ranar 27 ga Yuli don wani ɗan gyara, sanatocin Republican 25 da suka goyi bayanta a baya suka juya, ta kasa wucewa. Hujjarsu ita ce yadda aka lissafa kuɗin a kasafi, alhali haka lissafin yake a watan Yuni. Tsofaffin sojoji da matan da aka mutu aka bari suka shimfiɗa barguna a matakalar majalisa, suka kwana a can dare da rana, cikin zafi da ruwan sama, wasu da bututun iska a hanci. Kunya ta sa ranar 2 ga Agusta aka sake ƙuri'a, ta wuce da 86 da 11. Duka goma sha ɗayan 'yan Republican ne. Sunayensu suna nan a rubuce, kowa yana iya dubawa.

A 2025 kuma gwamnatin Trump ta shirya rage ma'aikata kusan 80,000 a ma'aikatar tsofaffin sojoji. Da aka yi ca a kanta ta dawo kusan 30,000. Ofishin da aka kafa a ma'aikatar don bin diddigin bambancin da ake nuna wa baƙaƙe wajen diyya an rufe shi. A ma'aikatar tsaro har shafin da ke ba da tarihin aikin sojan Jackie Robinson, shahararren ɗan wasan baseball baƙar fata, aka sauke daga intanet, sai da jama'a suka yi ƙorafi aka mayar. Idan aka daina ƙirga wanda aka ba da wanda aka hana, bambancin yana nan, shaidarsa ce kawai ta ɓace.

Ban rubuto don in wanke 'yan Democrat ba. Rankin ɗan Democrat ne. A Nuwamba 2021 Seth Moulton da James Clyburn a Majalisar Wakilai, da Raphael Warnock a ta Dattawa, suka gabatar da ƙudiri mai ɗauke da sunan Isaac Woodard da Joseph Maddox, wani saje da Harvard ta ɗauka karatu amma ofishin tsofaffin sojoji na yankinsa ya hana shi kuɗin makaranta. Ƙudirin ya ce matan baƙaƙen sojojin Yaƙin Duniya na Biyu da 'ya'yansu da jikokinsu su samu damar rancen gida da tallafin karatu da aka hana iyayensu. Ba sadaka ba ce, bashi ne da aka rubuta tun 1944. A lokacin jam'iyyarsu ce ke riƙe da majalisun biyu da fadar shugaban ƙasa, amma ko ƙuri'a ba a kaɗa a kansa ba. Wannan abin kunya ne, kuma ya kamata su ji daga bakinmu. Sai dai ba zan ɓoye inda na karkata ba. Tsakanin wanda ya yarda akwai bashi yana jan ƙafa wajen biya, da wanda ya ce babu bashin ya kuma hana a ambace shi, na san wanda zan zaɓa in ci gaba da matsa masa.

Na san abin da ke jan wasunmu ɗaya ɓangaren. Akwai tarbiyyar yara da abin da ake koya musu a makaranta, akwai tsadar kaya, akwai kuma Gaza, wadda ta ƙona zuciyar kowane Musulmi ta sa da yawa suka ƙi fita zaɓe a 2024. Ban raina ko ɗaya ba, ni ma uba ne, ni ma Musulmi ne. Abin da nake roƙo shi ne a sa wannan ma a kan ma'auni. Addinin da ya hana mu abubuwan da muke gudu shi ne ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Ga ma'aikatan da guminsu da jininsu suka bushe shekara 80 da suka wuce, jikokinsu kuma maƙwabtanmu ne, wasunsu sahu ɗaya muke sallah.

Ita kanta ƙuri'ar ba a gama kokawa a kanta ba. A Yuni 2013 Kotun Ƙoli ta rushe sashen dokar 1965 da ke fayyace jihohi masu tarihin wariya da dole su nemi izini kafin su sauya dokokin zaɓe. Cikin 'yan makonni North Carolina ta rage kwanakin zaɓen wuri, ta soke damar yin rajista da jefa ƙuri'a a rana ɗaya, ta ƙaƙaba sharaɗin katin shaida. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar, ta ce an auna baƙaƙe ne da gangan. 'Yan'uwa na Greensboro, a garinku ne ɗalibai huɗu baƙaƙe suka zauna a teburin cin abinci na farare kaɗai a kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu 1960 suka ƙi tashi, ɗayansu, Joseph McNeil, daga baya ya kai muƙamin manjo janar a sojan sama. A garinku ne kuma aka taɓa tsaga harabar jami'arsu gida biyu a taswirar mazaɓu don a raba ƙuri'un ɗalibai. Wanda yake da ƙuri'a a irin wannan jiha ya zauna a gida, ya taimaka wa masu wannan aiki ko bai yi niyya ba.

Roƙona ga iyayenmu limamai da shugabanni shi ne, duk ɗan takarar da ya zo ya cire takalmi ya shiga masallacinmu, kada a bar shi ya tafi da hoto kawai. A tambaye shi a gaban jama'a: zai sa hannu a ƙudirin Woodard da Maddox, e ko a'a? Zai goyi bayan a riƙa wallafa alƙaluman diyya bisa launin fata kowace shekara? Zai tsaya a kan rage ma'aikatan asibitocin tsofaffin sojoji? Idan yana majalisa a 2022, ina ya jefa ƙuri'arsa ranar 27 ga Yuli? A sa matasanmu masu Turanci su rubuta amsar, a fassara, a tura a zaurukan WhatsApp ɗinmu kafin ranar zaɓe. A kuma gayyaci ƙungiyoyin tsofaffin sojoji baƙaƙe na unguwa su zo su yi mana bayani da bakinsu, mu ma mu je nasu taron, domin mun daɗe muna zaune kusa da juna ba mu san juna ba.

Iyaye mata, ku kuka fi mu shiga gidajen tsofaffi a wurin aikin jinya. Idan kun ga hoton saurayi da kaki a bango, ku tambayi mai gidan ko an taɓa duba masa haƙƙinsa a ƙarƙashin dokar PACT, domin ta haɗa har da waɗanda gubar Agent Orange ta taɓa a Vietnam, kuma wanda aka taɓa hanawa yana iya sake nema. Kowa kuma ya duba rajistarsa tun yanzu, musamman wanda ya sauya gida, ya san ranar rufe rajista a jiharsa, ya fita zaɓen fid da gwani, kada ya jira babban zaɓe. Direbobinmu su ware 'yan awoyi ranar zaɓe su kai tsofaffin unguwa rumfa, namu da nasu.

Wassalam.

Ɗan'uwanku,
mazaunin Bronx, New York